Mama Rifkatu da birkin a-kori-kurarta

Mama Rifkatu ta rasu.

Da safen nan labarin ya same ni. Ina kwance ƙarƙashin wata mota a gareji, waya ta yi ta ƙara a aljihuna, na ƙi ɗagawa saboda hannuna duk baƙin mai ne. Da ta ƙi yin shiru sai na jawo jiki na fito. Ɗanta ne, Yohanna. Ya ce, "Bulus, Mama ta tafi."

Na sallami masu mota, na ce su yi haƙuri yau ba aiki.

Duk wanda ya daɗe a Kontagora ya san ta, ko da bai san sunanta ba. Ita ce matar nan mai tuƙa tsohuwar farar a-kori-kura, mai ɗaura ɗankwali har bakin gira, wadda 'yan tasha ke kira Mama Direba. Yaran yanzu da ba ku san a-kori-kura ba, ƙaramar motar ɗaukar kaya ce mai buɗaɗɗen baya, giyarta a jikin sitiyari. Tata ta girme ni.

Asali motar mijinta ce, marigayi Baba Dauda. Ya rasu ya bar ta da yara ƙanana, dangi suka taso daga Tungan Magajiya suka ce a sayar da motar, ita kuma ta koma gida noma. Ta roƙe su su bar mata ita zuwa kaka kawai. Kafin kaka ta zo ta koyi tuƙi a filin bayan cocinmu, ta fara ɗauko dawa da masara da wake daga kasuwannin Beri da Bangi. Daga nan ba wanda ya sake tayar da maganar sayarwa.

Da motar nan ta ciyar da yaranta, da ita ta kai su makaranta har suka gama.

Lokacin hanyoyin nan lafiya lau suke. Mace ita kaɗai za ta tashi da sassafe ta nufi Bangi, babu abin da take tsoro sai faci da laka.

Ita ta koya min tuƙi. Ina koyon kanikanci a lokacin, na iya kwance inji na mayar, amma ban iya fitar da mota daga gareji ba. Ta ce wannan abin kunya ne, bakaniken da bai iya tuƙi ba kamar mahaucin da ba ya cin nama ne. Ranar farko ina ta ɗokin taka totur, ta buge min gwiwa ta ce birki za mu fara, domin tafiya kowa ya iya ta, tsayawa ce aiki.

Ranar na san abin da matar nan ke fama da shi.

Birkin motocin da ba irin na yanzu ba ne. Na yanzu da ɗan yatsan ƙafa ma za ka tsayar da mota, saboda akwai abin da ke taimaka maka. Na a-kori-kurar Mama babu mataimaki, daga ƙafarka sai taya. Idan ta ɗauki buhuna ta shiga gangara, sai ka riƙe sitiyari da hannu biyu, ka ɗaga daga kujera, ka miƙe a kan birkin kamar mai kirɓa ƙasar gini. Ni da nake saurayi na sauko cinyata na rawa. Ita kuwa haka take yi kullum, tana ma hira da wanda ke gefenta.

Takan ce ƙafarta ta dama ta fi ta hagu kauri, kuma motar ce ta yi mata wannan gyara.

Akwai alherin da ta yi min wanda ban taɓa faɗa a fili ba. Da na buɗe garejina, rumfar kwano ce kawai da akwatin sifana. Ba wanda ya san ni, ba wanda ke kawo mota, in wuni ina korar ƙuda. Sai Mama ta fara zuwa duk ranar da ba ta je kasuwa ba. Yau ta ce tana jin ƙara a gaba, gobe ta ce a baya ne. In duba in duba, ba komai. Ta sa in buɗe bonet, ta ɗauko kujera ta zauna a bakin titi tana ɓare gyaɗa, duk direban da ya wuce ta ɗaga masa hannu ta ce ga inda take gyara yanzu.

Sai daga baya na gane motar lafiyarta ƙalau. So take a ga mota a gaban rumfata.

Yawancin tsofaffin kwastomomina ta hanyarta suka zo.

Shekaru suka ja. Yara suka girma, Yohanna ya samu aiki a Minna, ya yi ta roƙonta ta huta. Ta rage lodi amma ba ta daina ba. Gwiwarta ta dama ta fara ciwo, irin ciwon da ke tashi da sanyin damina. Tana ɗaure ta da tsumma a ƙarƙashin zane, tana tsammanin ba mu gani.

Wata ranar kasuwar Beri, da la'asar, na ga motar ta shigo gareji a hankali, gabanta duk ganyen masara da jar ƙasa. Mama ta fito, ba gaisuwa ba wasa. Ta ajiye makulli a kan bencina ta ce in nemi mai saye.

Na ba ta ruwa ta sha, sannan ta faɗa min. Tana saukowa wata gangara da 'yan buhuna, wata mata da goyo ta tsallako titi. Ta taka birki, gwiwar ta ƙi ɗauka. Ta sake takawa, ta ji kamar an soka mata allura har ƙugu. Sai ta sauke giya ta karkatar da motar cikin gonar wani, kunyoyi suka tsayar da ita. Matar ta wuce, wataƙila ma ba ta san abin da ya kusa faruwa ba.

Mama ta ce, "Na ga ƙafar jaririn nan, Bulus. Har yanzu ina ganinta. Ba zan kashe ɗan wani don ina son mota ba."

Ban yi mata musu ba. Na karɓi makullin, na kai ta gida a kan babur.

Amma ban nemi mai saye ba. Na tura motar bayan rumfa na rufe ta da tampol.

Yohanna ya ji daɗi da ta daina tuƙi, kuma ban ga laifinsa ba. Wane ɗa ne zai so uwarsa mai jikoki tana kokawa da gangara? Sai dai shi yana Minna, ni ke ganinta. Matar da ba ta taɓa wuni a gida ba ta koma zaman tabarma. Ta daina zuwa taron matan zumunta na coci saboda ta ce ba za ta hau acaɓa ba. Abinci ma sai an matsa mata. Na je gaishe ta wata rana na tarar ta juya kujerarta tana kallon bango, ta ba titi baya. Na tambaye ta dalili, ta ce ƙarar motoci ke damunta.

A hanyar komawa gareji na yanke shawarar in gwada sa wa motar busta.

Busta wata baƙar tukunya ce da ake ɗaurawa tsakanin abin taka birki da masta, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi. Tana aiki da zuƙar iskar inji. Kai ka taka kaɗan, ita ta ƙarasa sauran. Duk motocin yanzu da ita suke fitowa, amma sa ta a motar da aka ƙera ba tare da ita ba aiki ne na daban. Ban taɓa yi ba.

Na fara kiran Yohanna, don ba zan yi abu a bayan idonsa ba. Ya ce ya san ina ƙaunar Mama, amma idan wani abu ya same ta ko ya samu wani a hanya, da wane ido zan kalle shi? Maganar ta zauna min. Na ce ya bar ni in yi aikin, idan na gama ya zo da kansa ya gani. In bai gamsu ba, ni da hannuna zan kai motar ga mai saye.

Shawo kan Mama ya fi wuya, bayan na gaya mata ban sayar da motar ba. Ba ta son a taɓa komai a motar. Kujerar da Baba Dauda ya zauna a kai ma, sai dai a yi mata faci a kan faci. Ta tambaye ni me zan cire. Na ce ba cirewa zan yi ba, ƙari ne, sai dai zan huda ƙarfen gaban direba in kuma matsar da wasu abubuwa. Ta ce to, duk abin da na kwance in ajiye mata shi, kada in jefar.

Ban samu bustar da ta dace a nan ba, sai da na je Kaduna wajen masu kayan tsofaffin motoci. Na wuni ina tonon ƙarafa kafin na samu wata ƙarama da za ta shiga wurin, da mastarta.

Wanda ya taimake ni shi ne maƙwabcina Malam Isiyaku mai walda. Da ya ji motar wa ce, ya ture aikin ƙofofin da ke gabansa. Ashe shekarun baya, da mahaifiyarsa ta faɗi ta karye, Mama ce ta sauke buhunanta a bakin hanya ta kai tsohuwar asibiti. Shi ya yanka farantin ƙarfen da bustar za ta zauna a kai. Ya yanka na farko bai zauna ba, na biyu ma ya karkace, yana ta tsaki yana cewa waɗanda suka ƙera motar nan ba su bar wa na baya wuri ba.

Muka lanƙwasa sababbin bututun mai, muka ja tiyo daga inji zuwa bustar. Da aka zo fitar da iska daga birkin, Malam Isiyaku ne a ciki yana takawa, ni ina ƙasa ina kwance noti ina ɗaurewa. In ce taka, ya taka. In ce riƙe, ya ce ai ya riƙe tun jiya.

Gwajin farko bai yi ba. Sandar da ke tura masta ta ɗan yi tsawo, birkin ya riƙa kamawa da kansa. Ban yi nisa da gari ba na ji ƙauri, na sauka na tarar tayoyin sun yi zafin da ba a iya taɓawa. Na zauna a gindin wata ɗorawa har suka huce, ina tunanin ko dai Yohanna ne ke da gaskiya. Washegari muka sake kwancewa, muka rage sandar kaɗan-kaɗan har ta daidaita. Bayan nan na loda buhunan yashi na yi ta hawa da sauka a gangarar da ta ba Mama tsoro, sai da zuciyata ta kwanta.

Mama ba ta leƙo garejin ba ko sau ɗaya. Amma kullum da rana sai ga kwanon tuwo an aiko, na mutum biyu.

Ranar Asabar Yohanna ya zo. Muka tafi filin ƙwallon makarantar firamare, babu kowa. Mama ta zagaya motar ta buɗe bonet, ta ga baƙar tukunyar, ta taɓe baki ta ce kamar an sa wa tsohuwa ɗan kunnen amarya.

Ta shiga. Yohanna ya zauna gefenta, ni da Malam Isiyaku muka hau baya. Na gaya mata ta taka a hankali, na maimaita. Ta ce ita za a koya wa birki?

Ta ja motar ta ɗan yi gudu, sannan ta taka yadda ta saba takawa tun ina yaro.

Motar ta kafe wuri ɗaya. Goshin Yohanna ya gaisa da gilashi, ni na faɗa kan Malam Isiyaku, hularsa ta tashi ta sauka a kan bonet. Can sai muka ji Mama tana magana da motar da yarensu na Dukanci, kamar yadda take yi in abu ya ba ta mamaki. Daga nan ta fashe da dariya, ta yi ta yi har ta kifa kai a kan sitiyari. Da ta ɗago fuskarta duk hawaye.

Ta ce, "Ashe haka sauran direbobi ke jin daɗi, ni ina nan ina dakan sakwara da ƙafa."

Ba ta yarda ta hau titi ranar ba. Ta sa aka sayo kunu a kwano, ta ajiye shi a cikin motar kusa da ƙafarta, ta ce sai ranar da ta tsaya kunun bai zube ba za ta fita. Ta yi ta zuwa filin nan kowace safiya. Kunu ya zube ba adadi, har mai kunun ta fara tambaya ko biki ake yi. Ranar da bai zube ba, ta hau titi.

Abu ɗaya muka yi rigima a kai. Mama na da ɗabi'ar tsofaffin direbobi, in ta shiga gangara sai ta kashe inji don ta yi tsimin fetur. Na ce mata wannan ya ƙare, domin bustar da inji take numfashi, in ya mutu, taku ɗaya ko biyu birkin zai koma dutse. Na sa ta gwada a fili ta ji da ƙafarta. Ta ce wato har rowar ma na hana ta. Amma ta yi alkawari a gaban ɗanta, kuma ban taɓa jin ta karya ba.

Yohanna ya kafa nasa sharuɗɗan: ba lodi mai nauyi, ba doguwar hanya, ba fita in rana ta faɗi. Ta karɓa. Da zai koma Minna ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, goshinsa da ɗan ƙulu.

Ta ƙara shekaru masu kyau a kan hanya. Ranar Lahadi ta kwashi tsofaffin unguwa zuwa sujada. Ta kai matan zumunta gaisuwar mara lafiya. Da babbar salla ita ke ɗauko wa Malam Isiyaku ragonsa daga kasuwa, tana yi masa tsiya cewa ragon ya fi shi iya zama a bayan mota. Ranar da matata ta haifi 'yarmu ta fari, a motar nan aka dawo da su gida, Mama tana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, masu babur na ta yi mata hon ba ta kula su ba.

Da idonta ya fara hazo, ba wanda ya ce mata ta daina. Ita da kanta ta ajiye motar a gindin mangwaron gidanta. Wannan karon ba ta juya wa titi baya ba. Ta ce ta gaji ne, ba kora ta aka yi ba, kuma akwai bambanci.

Ganina da ita na ƙarshe watan jiya ne. Na je da yamma bayan an ɗauke ruwa, na same ta a kujera kusa da motar, ta rame amma bakin nan yana nan. Ta ce in tayar mata da injin ta ji. Na tayar. Ta rufe ido tana saurare, can ta ce fulogi ɗaya ba ya ci sosai. Na duba, haka ne.

Ta sa na shiga ɗakinta na jawo wani buhu daga ƙarƙashin gado. Tsohuwar mastar ce da guntayen bututun da na kwance, ta shafe su da mai ta naɗe a tsohon zane. Ta ce in tafi da su, hannun Baba Dauda ya taɓa su, kuma ta san ni ba zan sayar wa 'yan gwangwan ba.

Da na tashi tafiya ta kama rigata. Ta ce, "Ban taɓa yi maka godiya ba, don kada kanka ya kumbura. To na gode, ɗana. Ka mayar min da ƙafata."

Na yi dariya na ce zan dawo in canza fulogin. Aiki ya yi min yawa, ina ta cewa gobe.

Ɗazu Yohanna ya sake kira. Ya ce Mama ta bar wasiyya, a Tungan Magajiya za a binne ta kusa da mijinta, kuma ba ta son motar asibiti. A a-kori-kurarta take so a kai ta. Ya tambaye ni ko motar za ta iya tafiyar.

Na ce za ta iya.

Yanzu haka ina gidan. Na canza fulogin, na zuba sabon man birki, na duba tayoyi. Malam Isiyaku yana baya yana walda wasu ƙarafa da za su riƙe akwatin gawar kada ya motsa. Matan zumunta suna cikin gida suna waƙa a hankali.

Jibi da safe za mu tashi, ni zan tuƙa. Duk tsawon shekarun nan ban taɓa jan motar nan Mama tana baya ba. Duk wanda ya gan mu a hanyar Rijau zuwa Tungan Magajiya muna tafiya a hankali, ya yi haƙuri ya wuce, ba za mu yi sauri ba.

Ubangiji Allah ya karɓi baiwarsa Rifkatu, ya ba ta hutawa bayan doguwar wahala. Ya ta'azantar da Yohanna da ƙannensa da jikoki, ya ba mu zuciyar ɗauka. Ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya.

Ku da kuka karanta, wanda ta taɓa rage wa hanya da wanda bai san ta ba, ina roƙonku ku sa ta da iyalinta a addu'a, kowa yadda ya saba roƙon Allah. Ku sa mu ma, mu da za mu raka ta.

Amin.